Mai Fentin Ɗakunan da Babu Su

Mutanen unguwa suna kiransa Shafi-biyu, domin tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya sauko daga tsani bayan shafi ɗaya ba, ko da mai gida yana rantsuwa cewa bangon ya yi kyau haka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa bai taɓa kwana da launi guda ba. Sana'ar fenti gadonta ya yi. Mahaifinsa bai bar masa gida ko gona ba. Abin da ya bar masa tsani ne, da burushi huɗu, da wasiyya guda: duk inda ka tarar da sunan Allah a jikin bango, kada gashin burushinka ya taɓa shi.

Da ya kai wannan wasiyya gaban masana fiƙihu, da sun buɗe masa ƙofofi. Wani zai ce shafewa da nufin kiyaye alfarma halal ce, wani ya ce makaruhi ce, na uku ya tambaye shi da wane irin fenti. Shi kuwa bai tambayi kowa ba. Karatunsa ya tsaya ne inda yake gane haruffan Larabci, yake kuma tsayar da sallarsa. Na boko, lambobin jikin galan kawai ya sani. Mas'ala guda ya riƙe, ya yi mata riƙon da malamai da yawa ba su yi wa dubu ba.

Yana da shekara arba'in da ɗaya wani ɗan kwangila ya kai shi aikin mako biyu a hedikwatar Hukumar Leƙen Asiri. Aikin ya burge su, suka so riƙe shi. Sai dai dokarsu ta ce babu mai riƙe burushi a cikin ginin a matsayin ma'aikaci sai an bincike shi wata shida. Aka bi shi kasuwa, aka bi shi masallaci, aka tambayi maƙwabta. Binciken ya tabbatar ba ya karanta jarida, ba shi da aboki mai karantawa, ra'ayinsa kuma bai wuce cewa fentin yanzu ruwa ya yi masa yawa ba. Aka ɗauke shi, ya yi musu shekara goma sha tara.

Ginin hawa biyar ne a sama. A ƙasa kuma akwai wani hawa wanda ba ya cikin taswirar ginin, ƙofarsa tana bayan ɗakin janareto. Jami'in da ke kula da gini, wanda ma'aikata ke kira Makulli saboda tarin mabuɗan da ke kaɗawa a ƙugunsa, shi ya fara saukar da shi can.

"Nan ma'ajiyar takardu ce, Baba," in ji shi. "Maimaita in ji."

"Ma'ajiyar takardu ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Za mu daɗe tare."

Ɗakuna takwas ne, kowanne da ƙofar ƙarfe, da magudanar ruwa a tsakiyar daɓe, da zobe a jikin rufi. Babu kanta ko ɗaya. Duk ranar da za a yi fenti sai a kwashe takardun zuwa wani sashe, a bar masa ɗakunan fayau, ko da yake wani lokaci yakan jiyo takardun suna tari ta bayan bango. Suna da wata ɗabi'a kuma, wato ɓata bango daga daidai gwiwa zuwa daidai kafaɗa. Shi ne ya ba da shawarar a bar farin fentin ruwa, a koma na mai, ruwan ƙasa mai duhu, wanda ake iya wankewa da tiyo. Aka yaba masa a rubuce. Ita ce takardar yabo guda da ya taɓa samu, ya kuwa sa ta a ƙarƙashin katifa.

Matarsa ce ke wanke masa kayan aiki. Mace ce mai kaifin harshe, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyar ba tare da ta taɓa bari ya ci gardama ba. Takan ɗaga rigar a gaban famfo ta duba gwiwar hannu.

"Malam, takardun naku yau ma haɓo suka yi?"

"Ke dai wanke."

"Ina wankewa. Ai ni da kai sana'armu ɗaya, kai bango, ni riga."

Yakan bar ta da wankinta. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa an ɗauke shi ne don bango, kuma ranar hisabi kowa za a tambaye shi a kan abin da aka ɗauke shi dominsa. Fatawa ce mai daɗin ɗauka, ba ta da nauyi a kafaɗa, mutane da yawa da suka fi shi karatu da ita suke tafiya.

A shekararsa ta bakwai ya shiga ɗaki na huɗu da bokitinsa, ya tarar an kankaro fenti da wani abu mai tsini, ƙila maɓallin riga, an rubuta da haruffan Larabci: Ya Allah. Rubutun yana ƙasa ƙasa, inda hannun mai zaune zai kai. Ya shafe bangon duka, ya bar wurin kamar faɗin tafi biyu. Makulli ya leƙo daga bakin ƙofa, domin shi bai cika shiga ciki ba saboda takalmansa.

"Fenti ya ƙare ne, Baba?"

"Sunan Allah ne a wurin, ranka ya daɗe. Ba na shafe shi."

"To ka bar mana tabo a bango kamar kan mai ƙora? In manya suka gani fa?"

"Sai a rufe shi da wani abu."

A ɗakin ajiyar kaya akwai hotunan Shugaban Hukumar jibge, domin an bugo su fiye da yawan bangon da ke ginin. Shafi-biyu ya ɗauko guda, ya buga ƙusa, ya rataya. Hoton ya sauko ƙasa fiye da yadda aka saba, amma Makulli ya ga hikima a ciki. Ya rubuta wa na sama da shi cewa ya kai biyayya ga shugabanci har hawan ƙasa, ya kuma saukar da ita daidai idon mai durƙuso. Aka ƙara masa girma.

Waɗanda ke kwana a ɗakunan ba su da aikin yi sai kallon bango, don haka ba su daɗe ba suka gane abubuwa biyu. Na ɗaya, abin da ke kusa da sunan Allah ba a shafe shi. Na biyu, babu mai gadin da zai kuskura ya ɗaga hoton Shugaba, domin taɓa shi ba da izini ba laifi ne mai kai mutum ga kora. Sai suka riƙa ɗaga hoton suna rubutu a bayansa. Kowane layi su buɗe shi da sunan Allah, su rufe shi da sunan Allah, a tsakani kuma su sa nasu sunan da boko, da rana, da abin da aka yi musu. Labarin ya bi ɗakuna takwas ɗin duka. Duk zuwan da Shafi-biyu zai yi sai ya tarar rubutun ya faɗaɗa, ya bar wuri mafi girma, ya nemo hoto mafi girma. Cikin shekara goma sha biyu Shugaba ya girma a hawan ƙasa daga faɗin faranti zuwa faɗin ƙyauren taga. Shafi-biyu bai taɓa neman wanda zai karanta masa abin da ke tsakanin sunayen Allah ba. Farkon layi da ƙarshensa ne nasa.

Ana nan sai kotu ta matsa aka saki wasu mutum uku. Maimakon su gode su yi shiru, sai suka kira 'yan jarida suka tuɓe riguna. Suka ambaci hawan ƙasa, da zoben rufi, da sunan wanda ke ba da umarni. Majalisa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon alƙali. Shugaban Hukumar ya fito a talabijin, idonsa ya yi rau rau, ya ce Hukumarsa ko tsawa ba ta yi wa mutum sai ta bi shi da ban haƙuri, kuma babu wani hawa a ƙarƙashin gininsa. Bayan kwana biyu ya tuna akwai, amma ma'ajiyar takardu ce, kwamiti ya zo ya gani.

Saura kwana tara kwamiti ya zo, aka kwashe mazauna ɗakunan a motoci masu rufi, aka shigo da kantoci da takardu na gaskiya, waɗanda ba sa tari. Shugaba da kansa ya sauko duba aiki, karo na farko a rayuwarsa, da hankici a hanci. Bango bai dame shi ba, magudana ba ta dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne hoton ɗaki na biyu tsoho ne, lambobin girman da ke ƙirjinsa uku kacal, alhali yanzu tara ne.

"A sauke wannan, a kawo sabo."

Makulli ya yi gaggawar saukewa da hannu biyu. Sai kowa ya tsaya. Shugaba ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a wannan gini ba, ya karanta layi biyar. A na shida ya ci karo da sunansa. Ya sa aka sauke sauran hotunan bakwai.

"Wa ke fenti a nan?"

Aka turo Shafi-biyu gaba, burushi a hannu.

"Shafe shi. Yanzu."

"Allah ya ƙara maka nasara, sunan Allah ne a ciki. Mahaifina ya hana ni."

"Mahaifinka yana aiki a nan?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe."

"To ni ina da rai. Shafe."

Tsohon bai ɗaga hannunsa ba. Shugaba ya fizge burushin ya miƙa wa Makulli. Makulli ya ce shi jami'i ne mai mataki, doka ba ta ba shi damar aikin leburanci ba. Aka miƙa wa babban mai gadi, ƙaton da shekara goma hannunsa bai taɓa jin nauyin komai a wannan ɗaki ba. Ya ja da baya, ya ce a yi masa rai, matarsa na da tsohon ciki, ba zai shafe sunan Allah ya jawo wa gidansa abin da ba zai iya ɗauka ba. Sauran masu gadin suka ce ai su ma duk masu iyali ne. Rabon wannan hawa da ya ga tsoron Allah mai yawa haka tun da aka gina shi.

Aka kira limamin masallacin Hukumar. Ya duba bango, ya gyara rawani, ya kawo hujjoji cikin Larabci mai kyau cewa larura tana halatta shafewa, bal ma tana wajabta ta. Shugaba ya ji daɗi, ya miƙa masa burushin. Liman ya ce aikinsa bayyana hukunci ne, zartarwa ta masu iko ce, ga shi kuma warin fenti na tayar masa da asma. Kawo mai fenti daga waje kuwa sai an bincike shi wata shida. Shugaba bai ɗauki burushin da kansa ba, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Shafi-biyu ne ya fitar da su, cikin muryar mai neman tsira da fatarsa.

"Ranka ya daɗe, akwai hanya. Abin da ke ɗauke da sunan Allah idan ya tsufa, binne shi ake yi a wuri mai tsarki. Sai in yanko filastar, in naɗe, in binne, in yi sabon yaɓe, in shafa fenti."

Fuskar Shugaba ta washe. "A binne. Kun ji? Wannan tsoho ya fi ku duka fahimtar aikinmu."

Kwana huɗu ya yi yana yanka da ɓamɓarowa a hankali, guntu guntu kamar faɗin allo, na kowane ɗaki a cikin farin ƙyalle daban. Aka ba shi motar Hukuma ta kai shi gida. Ba wanda ya tambaye shi inda zai binne, domin a wannan gini idan an ce a manta da abu, tambayar inda yake ma laifi ce. Bayan la'asar ya zuba su a tsohon akwatin ƙarfe, ya shiga haƙa rami a gindin bishiyar lemun tsakar gidansa, inda ba a takawa. Matarsa na zaune a kan turmi tana kallo.

"Yau kuma kabari muka samu a gida?"

Ya gaya mata komai, har da yadda ya tsaya a gaban Shugaba. A ransa yana jiran yabo.

"Sannu da jihadi, Malam," in ji ta. "Shekara goma sha tara kana shafe jinin bayin Allah, hannunka bai taɓa rawa ba. Haruffa huɗu ne suka tsayar da kai. Shi mai sunan, ka ɗauka bango ya fi damunsa ko mutanen?"

"Ni bango aka ɗauke ni."

"Haka za ka ce masa?"

Ya ci gaba da haƙa. Ramin ya wuce zurfin da ake buƙata da kusan kamu guda kafin ya lura.

Kwamiti ya zo, ya zagaya, ya shaƙi ƙamshin sabon fenti, ya yaba da tsabtar ma'ajiya. Da Hukumar ta tsaya nan, da ta tsira. Amma lauyanta ya ce a zaman sauraron shaidu ana buƙatar fuska mai gaskiya, domin jami'an duk sun yi kama da abin da ake zarginsu da shi. Suka duba, ba su ga kamar Shafi-biyu ba: ga furfura, ga tabon sujada, ga takardar yabo. A wurinsu tsoron Allah ado ne mai kyau a idon kwamiti, kamar rawanin liman. Kwana uku Makulli yana yi masa bita.

"Me ake ajiyewa a ɗakunan?"

"Takardu, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa ganin wani abu ban da takardu?"

"Ban taɓa ba."

Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Abu guda suka manta su sa a cikin bitar, saboda su a wurinsu ba wani abu ba ne. Ranar zama, zaure cike da 'yan jarida, magatakarda ya ɗauko Littafin Allah ya ce shaida ya ɗora hannu ya rantse. Tsohon ya dubi Littafin, ya dubi Makulli, ya ce a ba shi izini ya sabunta alwala. Lauyan Hukuma ya yi murmushi ya waiga wajen masu ɗaukar hoto, wato ku ga irin mutanen da muke aiki da su.

Ya daɗe a wurin famfo. Ya wanke hannayensa har sau uku, ya tsaya yana kallon fentin ruwan ƙasa da ya maƙale a gefen farcensa. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna ƙofar bayan ɗakin janareto, ya kuma san sarai ta wace fuska ake buɗe ta. Sannan ya dawo ya ɗora hannu.

"Baba," in ji lauya cikin ladabi, "gaya wa kwamiti abin da ake ajiyewa a ɗakunan nan."

"An ce mini takardu ne."

"Yauwa. Kai kuma da idonka..."

"Ni da idona bango nake gani, ranka ya daɗe. Tawada shafi ɗaya take ci. Danshi yana cin biyu. Abin da nake tararwa a can sai na wanke da soda, na kankare, na yi shafi uku, in ba haka ba ya huda fenti ya fito. Jini ne kaɗai ke yin haka."

Lauya ya ce ba shi da sauran tambaya. Tsohon alƙalin ya ce shi yana da ita. Ya tambaya a hankali, Shafi-biyu ya amsa a hankali, kamar mai ba da lissafin aiki: sau nawa a shekara, daga wane tsawo zuwa wane, wane ɗaki ya fi cin fenti. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ke gindin bishiyar lemu. Kafin magariba an tono akwatin a gaban shaidu. Sunaye ɗari da goma sha ɗaya aka karanta a ciki.

Rahoton kwamiti ya fito bayan wata takwas, ya ce an samu wasu kurakurai na gudanarwa. Aka sauke Shugaba, aka naɗa shi jakada a wata ƙasa mai sanyi domin ya huta da ɗawainiya. Makulli ya koma sashen horar da sababbin ma'aikata. Iyalai da yawa dai sun san ɗakin da nasu ya kwana da ranar da ya yi rubutunsa na ƙarshe, lauyoyinsu kuma suna riƙe da hotunan guntayen filastar har yau.

Shafi-biyu bai jira rahoto ba, domin nasa hukuncin ya riga ya iso. Mako guda da ba da shaida, wata mota ta tsaya masa a bakin kasuwa da hantsi, aka gayyace shi ya amsa tambayoyi a kan fallasa asirin ma'ajiyar takardu. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Aka sauke shi a bakin layinsu da takardar sallama daga aiki a aljihu, yatsu uku na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa. Ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ya koyi riƙe burushi da hagu yana da shekara sittin, yanzu shaguna yake yi wa fenti da ƙofofin makarantu, a hankali, kuma masu shagunan sun ce layinsa bai karkace ba.

Ranar da ya dawo, matarsa ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dafa ruwa, ta zaunar da shi a kan tabarma, ta shiga gasa masa hannun da tsumma. Can sai ta ce, "To, Malam, ka ga aikin naka daga ciki. Ya yi kyau?"

Ya yi ɗan tunani, irin na mai sana'a da aka tambaye shi ra'ayi.

"Ya yi kyau. Sai dai a ɗaki na shida, can ƙasan ƙyauren ƙofa, akwai wurin da burushina bai taɓa kaiwa ba. Shekara goma sha tara ban gan shi ba. Sai mutum yana kwance a daɓe yake ganinsa."

Ta matse tsumman, ta sake tsoma shi a ruwan zafi.

"Miƙo ɗaya hannun," in ji ta.